Tsinke a Kan Sikeli

Sunan Tsinke ya bi shi ne tun yana saurayi, lokacin da ya fara tuƙi a kamfaninmu, wai in ya juya gefe ba a ganinsa. Ni ban riski wannan zamanin ba. Da na kama aiki a sito, mutumin da na tarar kilo ɗari da huɗu ne, in zai hau babbar mota sai ya kama ƙofa da hannu biyu ya yi nishi. Sunan dai bai canza ba, shi ma bai taɓa neman a canza shi ba.

Shekara ashirin da huɗu yana kan sitiyari. Bai taɓa kifar da mota ba, bai taɓa dawowa buhu ɗaya ya ɓata ba. Da wannan kujerar ya raini 'ya'ya biyar, ya gina ɗaki uku, ya yi jinyar mahaifiyarsa har ta rasu. A kanta kuma ya tara tumbin. Zaman awa goma ne kullum, abinci kuwa abin da aka samu a bakin hanya, burodi da soyayyen nama da lemon kwalba, a ci a tsaye a koma.

Ni mai awo ne. Buhu ya shigo in ɗora a sikeli, in faɗi abin da allura ta nuna. Ban iya zaƙin baki ba, kuma ban yarda da shi ba.

Ana saura kwana biyu a tafi hutun ƙarshen shekara, likitar kamfani ta duba direbobi. Tsinke ya fito daga ɗakinta ya zo sito ya zauna a kan buhu.

“Mai Awo, ta ce jinina ya hau. In muka dawo ban sauko ɗari ba, za ta sauke ni daga mota.”

“Kilo huɗu ne fa, Yaya. Mako uku gare ka.”

“Mako ukun hutu, ɗan'uwa. Ka san gidana a hutu? 'Ya'yana mata uku za su zo da mazajensu, kowacce da tukunyarta, kowacce tana so in ce tata ta fi.”

Ni ba a ba ni hutu ba, don kaya ba sa daina shigowa. Muka shirya zai riƙa takowa da ƙafa daga gida zuwa sito kowace safiya, tafiyar awa ɗaya, ya hau sikelin buhu.

Ya cika alkawari. Ƙarfe bakwai sai ga shi, riga ta manne da gumi, takalmin ɗansa na motsa jiki a ƙafarsa, ya matse shi har ya yanke bayan. Masu dako suna yi masa tsiya.

“Kawu Tsinke, ina motar? Ko yau kai ne tirelar?”

“Ka bari in huce, in zauna maka a wuya, ka ji nauyin tirela.”

Makon farko kilo ɗaya ya tafi. A tsakiyar na biyu ma ɗaya. Daga nan allura ta kafe a ɗari da biyu. Kwana huɗu ba ta motsa ba.

Ran na biyar ya zo bai kula masu dako ba. Ya ce jiya autarsa ta yi kuka don ya mayar mata da kwanonta a rufe. Ya ce ana ci a tsakar gida ana dariya, shi yana ɗaki da kokwamba da ruwan ɗumi kamar marar lafiya. Matarsa ta ce masa in zai mutu ya mutu da ƙoshi, ya daina ɓata wa yara rai. Yana magana yana cire takalmi, na ga dugadugansa duk sun saluɓe.

A bayan sikelin akwai wata 'yar ƙusa da ake murɗawa a daidaita allura a kan sifiri. Yana sunkuye, na miƙa hannu na murɗa ta baya. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin ban taɓa yi ba. An sha roƙona, an sha zagina a kai.

Ya hau. Ɗari da ɗaya.

Ya yi dariya har tumbin yana rawa. “Ka gani? Ta ji tsoro ta sauka.”

Na ce a raina ƙarfin gwiwa kawai na ba shi, gobe jikin zai bi. Gobe ta zo jiki bai bi ba, kuma ba zan iya mayar masa da kilon da na cire ba. Jibi na ƙara murɗawa. Allura ta tsaya cif a ɗari. Ya rungume ni da guminsa, ya ce ni ɗan albarka ne. Yana fita na gyara ƙusar na ci gaba da awon buhu daidai, kamar mutumin kirki.

Kwana uku suka rage na hutu, bai sake zuwa ba. Na ji labari ya zauna tsakiyar jikokinsa ya ci na kowacce 'ya, har da ƙari. Sau biyu na ɗauki waya zan kira shi, na ajiye.

Ranar dawowa ya zo da sabuwar riga. Bai yi minti goma a ɗakin likita ba. Ɗari da uku, jinin kuma bai sauka yadda take so ba. Ta rubuta masa wata uku babu tuƙi, a sake dubawa. Manaja ya ce ba za a kori tsohon ma'aikaci ba, ya je ya riƙe ƙofa.

Na kwana biyu ina zagayawa ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Ran na uku na gaji da kaina. Na same shi a kan benci a bakin ƙofa, an ba shi hular masu gadi, ta yi masa kaɗan.

“Yaya, ba sikelin likita ne ya yi ƙarya ba. Ni na taɓa nawa. Sau biyu.”

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana juya makullin ƙofa a hannu.

“Shekara nawa nake kawo kaya sito?” ya ce.

“Ashirin da huɗu.”

“To, kana tsammani ban san inda allura take kwana ba? Na ga ba ta kan sifiri tun kafin in hau.”

Na zauna kusa da shi a kan bencin.

“Yunwa nake ji, Mai Awo. Ina so wani ya ce min ya isa. Ka ce, na karɓa.” Ya share fuska da hular. “Matata ba ta sani ba. Na ce mata motar ce ke gareji.”

“Ka gaya mata.”

“Kai da ka iya faɗin gaskiya, zo mu je ka gaya mata.”

Ban ji haushi ba, na cancanci fiye da haka. Na ce ni dai gobe ƙarfe shida zan zo ƙofar gidansa mu tako tare. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ƙafafun nan nawa ba za su kai rabin hanya ba. Na ce ya bari mu gani.

Muna nan sai aka danna oda daga ciki. Motarsa ce, an loda ta, wani direba yana kan kujerarsa. Tsinke ya tashi da ƙyar ya ja ƙofa ɗaya, ni na ja ɗayar. Motar ta zo wucewa ya ɗaga hannu, direban ya tsaya.

“Giya ta uku tana da gardama,” ya ce masa. “Kada ka tilasta ta. Ka ɗan jira, za ta shiga da kanta.”

Direban ya gyaɗa kai ya ja. Tsinke ya tsaya yana saurarenta har ta sha kwana, sannan ya ce in taya shi rufe ƙofar.