Kuku Da Kwanon Kofur

Har bayan da ya bar girki ya koma gadi, ba wanda ya daina kiransa Kuku. Ya yi shekaru yana dafa wa ma'aikata abinci a kantin wata masana'antar robobi, kuma a can ya ɗauko ɗabi'ar da ba ta sake shi ba: ba ya miƙa wa kowa abin da bai fara sa wa a bakinsa ba. Ko shayi zai haɗa wa baƙo, sai ya ɗiga a tafin hannu ya lasa. Matarsa takan ce ko guba aka ba shi ajiya sai ya duba gishirinta.

Da masana'antar ta rufe, surukinsa ya samo masa gadi a wani sito na tayoyi da baturan mota. Ranar da ya kama aiki aka miƙa masa tocila da makullai da sarƙa. A ƙarshen sarƙar akwai baƙin kare mai faɗin ƙirji, da tabo a kunnen hagu. Masu lodi suna kiransa Kofur, wai don ya daɗe a bakin aiki ba a taɓa ƙara masa girma ba.

Da farko Kuku bai so karen ba. Matarsa kuwa ta ajiye masa bokiti da sabulu a bakin ƙofar gida, ta ce ba zai taɓa mata kwano ba sai ya wanke hannu har gwiwa.

"Da girmanka, Malam," in ji ta. "Daga ciyar da mutane ka koma ciyar da kare."

"Shi aƙalla ba ya cewa nama ya yi kaɗan," in ji Kuku.

Abincin Kofur a buhu yake zuwa, busassun ƙwayoyi kamar tsakuwa. Tun ranar farko da Kuku ya zuba a kwano, hannunsa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai baki kafin ya yi tunani. Ya tauna, ya ji gishirin da ƙamshin man, sannan ya tura kwanon. Washegari ma haka. A hankali sai karen ya ɗauka haka tsarin cin abinci yake. Zai zauna, yawu na zuba, idonsa a kan bakin Kuku, ba zai kusanci kwanon ba sai ya ji ƙaras ɗin nan na haƙori. Haka suka tsufa tare a bakin ƙofar siton. Gemun Kuku ya yi fari, bakin Kofur ma ya yi fari.

Sai aka kawo sabon manaja, matashi mai turare, wanda ba ya fitowa daga mota sai an ɗaure kare. Bai yi wata biyu ba ya kira Kuku ofis, ya ce an rage kuɗin abincin kare zuwa rabi.

"Kuma ka sani, Baba Kuku, ƙarshen wata likitan dabbobi zai zo ya duba shi. In ya ce ƙarfinsa ya ƙare, kyamara za mu sa. Kyamara ba ta cin abinci."

"Shi kuma fa, ranka ya daɗe?"

"Akwai allurar da ake yi musu. Ba ya ma jin zafi."

Kuku ya fito daga ofis. Abin da ya rage masa shi ne ya samo abincin da rabin kuɗi zai saya, wanda zai riƙe tsohon kare a tsaye har likita ya zo ya tafi.

Ya nemi autarsa ta raka shi shagon abincin dabbobi, don rubutun jikin buhu ƙanana ne, idonsa kuma ya fara gajiya. Auta ta gama jami'a tana zaune a gida, kullum wayarta a hannu tana jiran kiran aikin da bai zo ba. Ta bi shi tana waige-waige, kada wata ƙawarta ta gan ta.

Shagon dogo ne, buhuna jere har rufi, ga warin kifi da dusa. Mai shagon ya taso da fara'a ya dafa wani ƙaton buhu mai hoton kare kamar zaki.

"Ga naka, dattijo. Araha, ga yawa. Wata biyu yana ci."

"Karanta min, Auta. Me suka fara rubutawa?"

"Masara, Baba. Sai dusa. Sai wani abu wai ɗanɗanon nama."

"Naman fa?"

"Ɗanɗanonsa dai suka ce."

"To a ba karen da ke jikin hoton."

Auta ta duba a wayarta, ta ce abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki, kuma irin wannan mai arahar sai an zuba wa kare kusan ninki kafin ya ƙoshi. Kuku ya gyaɗa kai. Ya roƙi mai shagon ya ba shi ƙwaya ɗaya-ɗaya daga buhunan da ake sayarwa a awo. Ya murƙushe ta farko a yatsa, ya sansana, ya jefa a baki.

Mai shagon ya riƙe baki. "Dattijo, in yunwa ce akwai mai burodi a gaba."

"Baba, don Allah," in ji Auta ƙasa-ƙasa. "Mutane na kallo."

"Su kalla. Wannan mansa ya tsufa, yana ɗaci a maƙogwaro. Wannan kuma gishiri suka cika don kare ya yi ta ci yana shan ruwa. Miƙo min wancan."

Wancan ɗin wani buhu ne fari, ba hoto, an tura shi lungu ƙura ta hau shi. Auta ta karanta: kaza a farko, sai shinkafa, kuma kwanan lalacewarsa da saura. Kuku ya tauna a hankali, ido rufe, kamar yadda yake yi a kan tukunya a da. Ya ce shi ne. Sai dai kuɗin hannunsa ƙaramin buhun kawai suka isa.

"In ka ƙoshi ka rage wa karen," mai shagon ya bi su da shi har ƙofa.

Kuku bai sauya abincin a rana ɗaya ba, don kada cikin Kofur ya ɓaci. Ya riƙa gauraya sabon da ragowar tsohon, yana ƙara wannan yana rage wancan. Da ya ga buhun ba zai kai ƙarshen wata ba, ya rage awo, ya riƙa cikewa da guntayen da mahauci ke zubarwa, yana dafawa a gwangwani a bayan ɗakin gadi. Kofur ya ɗan faɗa, haƙarƙarinsa biyu suka fito. Amma gashinsa ya fara sheƙi, kashinsa ya daidaita, ya koma tashi da gudu in babbar mota ta tsaya a ƙofa. Ɗakin gadin rufin kwano ne, da rana kamar tanda, kuma Kuku ya san zafi na lalata mai. Saboda haka ɗanɗanon da yake yi don sabo ya zama dole. Wani lokacin ma sai ya ɗebo daga ƙasan buhun ya tauna biyu ko uku, ya tabbatar.

A haka mai kula da kayan sito ya gan shi wata safiya: tsoho a tsugune, hannunsa a cikin buhu, bakinsa na motsi, ga ramammen kare a gabansa yana kallonsa yawu na zuba. Ya ɗaga waya ya ɗauka. Ba don mugunta ba, in ji shi daga baya, don dariya ce kawai. Ya tura wa masu lodi, masu lodi suka tura wa direbobi, wani ya ɗora masa kiɗa.

Auta ce ta fara gani a gida. Wata da suka yi karatu tare ta turo mata, da tambaya, "Wannan ba babanki ba ne?" Ta shiga banɗaki ta kulle. Da ta fito, ta kife wayar a kan gado. Ba ta gaya wa kowa ba, tana fatan abin zai mutu da kansa.

Bai mutu ba. Manaja ya kira Kuku, ya juyo masa fuskar wayar. Mai kula da kayan yana tsaye a gefe yana kallon takalminsa.

"Na yi ta mamakin yadda karen nan yake ramewa. Ashe ku biyu kuke ci."

"Ɗanɗanawa nake yi, ranka ya daɗe. In man ya lalace..."

"Ɗanɗanawa. Da miya ko ba miya?"

Sakatariya ta tuntsire da dariya, ta rufe baki da fayil.

"Kuma na ji ka bar babban buhu ka sayo ƙarami. Ragowar kuɗin fa? Ko shi ne mai daɗin a bakinka?"

Kuku ya buɗe baki zai yi maganar masara da dusa da hoton zaki, sai ya ga fuskokinsu, ya gane duk abin da ya faɗa ƙarin abin dariya ne. Ya ajiye makullai da tocila a kan tebur. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, a bar shi ya tafi da karen.

"Kayan kamfani ne," in ji manaja. "Yana cikin lissafi, kamar tayoyin nan."

A bakin ƙofa Kuku ya tsaya wajen sabon maigadin da aka turo, wani dogon mutum mai saurin fushi, ya ce masa a hankali, "Ɗan'uwa, ba ya ci sai an fara ɗaukar ƙwaya ɗaya an tauna a gabansa. Ko yi ka yi kamar ka tauna."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Ni ma so kake a sa min kiɗa?"

Kuku ya koma gida ya zauna. A layinsu yara suka fara yi masa haushi in ya wuce. Surukin da ya samo masa aikin ya aiko cewa an zubar masa da mutunci. Matarsa ta ci gaba da aikin gidanta. Amma wata rana ya ga ta kwashe tarkacen da ke lungun bayan gida, ta share, ta shimfiɗa tsohon buhu, ta ajiye wani kwanon da bakinsa ya lanƙwashe.

"Je ka sake roƙonsu," in ji ta, ba ta kalle shi ba. "In sayar da karen za su yi, ga 'yan kunnena. Amma wallahi in ya shigo min ɗaki, ku biyu za ku kwana a waje."

Ya tafi da sassafe, Auta na biye da shi, wannan karon ba ta waiga ko'ina ba. Sun tarar da mutum a kan tsani yana ɗaura kyamara a saman ƙofa. Sarƙar tana rataye a jikin ƙarfe. Kwanon Kofur yana wurinsa, cike, tururuwa sun yi masa layi.

Sabon maigadin ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce shi fa ya yi iya yinsa. Kullum yana zubawa, kare ya zauna ya zuba masa ido, ya ƙi ci. Manaja har babban buhun nan mai hoto ya sayo, a banza. Jiya likita ya zo ya same shi kwance, ko haushi ba ya iya yi, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, aka yi masa allurar.

"Ka tauna masa?" in ji Kuku.

Mutumin ya kau da kai. Ya shiga ɗakin gadi ya fito da farin buhun, saura kusan rabi, an ɗaure bakinsa da igiya.

"Manaja ya ce in ka zo a ba ka. Wai tunda kana so."

Auta ta miƙa hannu za ta fizge buhun ta watsar. Kuku ya riga ta. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba ɗaurin, ya ce abinci ne mai kyau, ba a zubar da shi. Ya saɓa a kafaɗa suka kama hanya. Bai sauke shi ba har gida. Ya ajiye buhun a lungun da aka share, kusa da kwanon, ya wanke hannu a bokitin bakin ƙofa har gwiwa, ko da yake bai taɓa kare ba.

Da rana matarsa tana girki, ta ɗebo romo a ludayi ta miƙo masa kamar yadda ta saba tun aurensu.

"Malam, ji min gishirin nan."

Kuku ya dubi ludayin har tururin ya daina tashi.

"Zuba kawai," ya ce. "Yadda yake za a ci."