Gwaggo Odalys da Lambar Motar Kaka

Shekara talatin Gwaggo Odalys ta yi a bakin kasuwar garinmu, Pinar del Río, da ɗan teburinta, tana ɗura wa mutane gas a laita. Ba ta iya tuƙi ba, amma ita kakanmu ya bar wa motarsa, Buick ta 1952, wadda ke ɗore kan bulo a tsakar gida tun ina firamare. Babu taya, babu kujerar baya, tsatsa ta cinye ƙofa guda.

Wata uku da gama jami'ata guguwa ta yaye mana rufin gida. Cikin motar muka ɓuya ni da ita, kwanon rufi yana shawagi a kanmu. Da gari ya lafa muka rufe saman gidan da leda, Gwaggo ta ce za ta sayar da motar mu yi rufi.

Mai saye ya zo daga Havana, wani Yosvany, da sarƙar zinariya a wuya. Bai buɗe bonet ba, bai ko leƙa ciki ba. Kwanciya ya yi a ƙasa yana kankare tsatsa da makulli, yana neman lambar da aka buga a ƙarfen gindin motar.

"Mama, takardu suna nan lafiya?"

"Lafiya lau. Ba za ka duba injin ba? Na asali ne."

Ya fashe da dariya. "Injin me? Takardun nake so da lambar nan. In yanke ta in liƙa wa wata motar da na harhaɗa. Gangar jikin ki riƙe, kaji su yi ƙwai a ciki."

Kowa a nan ya san ana yin haka, kuma abin da ya taya ya isa rufin gidan duka. Na ja ta gefe.

"Gwaggo, don Allah ki karɓa. Ba zan iya ci gaba da zama ƙarƙashin leda ba."

Ta juya gare shi.

"Kai ɗan nan, da ubanka ya mutu, sunansa ka yanke ka sayar? Fito daga ƙarƙashin motata kafin in ɗura maka gas in ƙyasta."

"Tsohuwa, ruwa zai gama da ke!"

"Ya gama. A gidanku zai zuba?"

Reinier mai walda na bakin layinmu ta sayar wa, bayan ya rantse zai tayar da motar ko da shekara goma za ta ɗauke shi. Kwanon rufi tara ya kawo a madadin kuɗi, ya buga da hannunsa. Ɗaki ɗaya suka rufe, ta ce nawa ne. Ita ta ja gadonta zuwa kicin.

Jiya da rana aka tafka ruwa. Kunya ta kama ni, na ruga na same ta zaune kan gado, leda tana ɗiga, tana tsince shinkafa. Na ce mu yi musayar ɗaki.

"Koma ɗakinka, mai digiri," in ji ta. "Ka ji na yi kuka?"