Angon Ayabar Kaki Fulmati

In kana son ganin ƙaton mutum ya narke kamar man shanu a rana, ka je kasuwar Tavua ka miƙa wa Deo Karan ayaba. Ba sai ka ce komai ba. Direban motar rake ne, gashin bakinsa kaɗai ya isa a share tsakar gida, amma ayaba ɗaya za ta sa ya duƙar da kai yana neman abin da bai yar ba.

Laifin na Mangal ne, jan tauraron nan. Ran da aka haifi Deo, Pandit, malamin addininsu, ya zana takardar taurarinsa, ya tarar Mangal ya miƙe ƙafa a gida na bakwai, gidan aure, kamar baƙon da bai da niyyar tafiya. Kowa ya san fassarar: matar da ta fara shiga ɗakinsa ba za ta yi tsawon kwana ba. Maganin ma ba ɓoyayye ba ne. Ka auri bishiyar ayaba, a sare ta, sharrin ya bi ta, sannan ka auri 'yar mutane.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya so Kusma, 'yar maƙwabciyarsu Kaki Fulmati, ita ma har abinci take kasa ci saboda shi. Kaki ta ce ta ba shi, ya dai fara da ayabar. Deo ya tuna bakin abokansa na wurin shan yangona, ruwan saiwar nan mai sa jiki ya saki, waɗanda ko kaza ta yi tuntuɓe sai sun yi wata guda suna dariya, ya ce a ba shi lokaci. Yana nan yana neman lokaci aka ɗaura wa Kusma aure da wani, ta tafi Kanada. Takardar taurarin kuwa ta zaga gidaje sun fi yashin teku yawa, kowane gida a duba, a dawo masa da ita da yatsa biyu kamar garwashi.

Sai da furfura ta fara leƙowa ya haɗu da Sumintra, mai sayar da soyayyen wake a tashar mota. Uwarta ba ta ja zance ba: ayaba tukuna, kuma kafin a gama yankan rake, in ba haka ba akwai wani mai shago a garin Ba da ke ta aike.

Deo ya yarda, amma a ɓoye. Ya zaɓi ranar Lahadi da rana tsaka, duk ƙauye ya tafi kallon ƙwallo. Ayabar ƙofar gidansa na bakin hanya, don haka ya ja Pandit, tsoho da ciwon gwiwa, suka gangara can cikin kwari inda ko akuya ba ta zuwa. Ya sami wata mai jiki, ya ɗaura mata jan zane, ya shafa mata jan garin amare, suka zaga wuta sau bakwai, wato shi ya zaga, amarya kunya ta hana ta motsi. Ya ɗaga adda zai sara ke nan, sai ya ji tari a bayansa.

Kaki Fulmati ce, da kwandon ganye a hannu. Garin neman maɓoya ya tsallake iyaka, ya shiga gonarta da taku goma sha.

"Sannu da hidima, ɗan nan," ta ce. "Na ba ka 'yata ta cikina, kunya ta hana ka. Yau ka zo ka sace ta gona. Ajiye addar. Matarka ciki gare ta."

Da gaske kuwa, ayabar ta fara fitar da kai.

Deo ya roƙi Pandit a sake da wata. Pandit ya ce aure ya ɗauru, ba a ɗora wani sai an rabu da wannan, kuma saran sata ba ya ɗauke sharri. Kaki ta kafa benci a gindin bishiyar, ita da karenta. Kafin 'yan ƙwallo su wanke ƙafa labari ya kai har garin Rakiraki. Masu yankan rake suka riƙa tsayar da motarsa don su tambayi lafiyar mai ɗaki. Matan unguwa suka aiko masa da man kwakwa, wai a riƙa shafa mata baya. Mako uku Deo na bin doguwar hanya don kada ya wuce ta tasha.

Da rake ya rage gona biyu, Sumintra ta aiko masa da wake a takarda, da saƙo: ita ba Kanada za ta je ba, garin Ba za ta je, kuma nan da can ba nisa, zai riƙa ganinta.

Washegari ya sa farar riga, ya je ya taɓa ƙafar Kaki kamar yadda suruki ke yi. Ta bar shi a durƙushe har ta gama shayinta.

"Ba ayabar ce ta dame ni ba," ta ce. "Kusma ta yi kuka wata uku. Abin da ka ƙi yi mata a gaban mutane, shi za ka yi. Ranar Lahadi, da ganga."

Aka yi shi da ganga. Masu ƙwallo suka ɗage wasa. Wasu sun rantse har daga birnin Suva an zo. Deo ya tsaya cikin rawanin ango, gumi na zuba kamar an tsamo shi daga kogi, tsofaffi mata na waƙar rakiyar amarya suna kukan ƙarya. Sara ɗaya ya yi, bishiyar ta kwanta. Kaki ta yanke ɗanyen kan ayabar, ta ɗora masa a hannu, ta ce ya riƙe marayunsa da amana.

An ɗaura aurensa da Sumintra kwana biyu kafin a rufe injin sukari. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ko mura ba ta kwantar da ita ba. In ta tashi tsokana, sai ta soya masa ɗanyar ayaba da yaji ta ajiye gefen gurasa, ta ce, "Ci mana, mai gida, ai dangi ne." Shi kuwa sai ya ture kwanon a hankali, ya ce yau cikinsa ba daɗi.