Tafintan da Samuel Ya Nema

Duk wanda ya koyi kwamfuta a Sabon Garin Gusau wajen 1999 ya san Samuel. Mutumin Kafanchan ne, siriri, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara yi maka bayanin yadda agogo ke aiki. Ni Safiya a hannunsa na koya, a 'yar makarantar Hajiya Adama, kuma har yau ban ga mai haƙuri da inji da mutane irinsa ba.

Akwai babbar kwamfuta a kusurwar aji wadda sauran suka dogara da ita, muna ce mata Uwa. Da bazara ta shigo sai Uwa ta tsiri wani hali: rana na yin tsaka sai ta ɗauke, aikin kowa ya salwanta. Samuel ya ce zafi ne, a bari ya buɗe ta. Hajiya ta hana, wai wanda ya sayar mata ya ce kada a taɓa hatimin jikinta. Ta ce ta gaji, za ta rabu da ita ta mai da ajin shagon atamfa. In an rufe kuwa Samuel gida zai koma, ga shi har ya kai gaisuwa gidan su budurwarsa Esta a nan Gusau.

Sai ya nemi ya nuna mata da ido. Akwai manhaja mai auna zafin cikin inji, amma da yaren masu rubuta ta take zuwa, sai an sa wata da ake kira kwamfaila ta juya ta zuwa abin da inji ke ji. Uwa ko layin waya ba ta da shi balle intanet, komai sai abokinsa ya kwafo a faifai ya aiko daga Kaduna. Don ya sauƙaƙa wa Hajiya bayani, ya ce, "Ki ɗan ba ni lokaci, Hajiya, tafinta kawai nake nema mata."

"Tahinta? Ai muna da shi gida," in ji ta. Ya ɗauka zolaya ce.

Ranar da faifan suka iso, sai ga wani tsoho ya yi sallama cikin sabuwar riga. Kawun Hajiya ne, Baba Tambaya, ta sa an ɗauko shi tun daga 'Yankuzo. Da ƙuruciyarsa shi ke fassara tsakanin Fulani da likitoci Turawa.

"Ina mai maganar?" ya tambaya.

Mu 'yan mata muka cusa baki cikin gyale. Samuel ya dubi tsohon, ya dubi rigar, sannan ya durƙusa ya gaishe shi ya jawo masa kujera gaban allon Uwa. "Baba, dama kai muke jira."

Ya shiga sa faifai ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ƙi shiga sai an riga shi da wani, Samuel ya sake daga farko bai ko yi tsaki ba. Da kwamfaila ta zauna ya ba ta manhajar, rubutu ya yi ta gudu a allo, Baba na gyaɗa kai kamar mai sauraren ƙara. Can sai lambobi suka fito: zafi ya wuce kima, fankar ciki ba ta juyawa. Samuel bai kalli Hajiya ba. Wajen Baba ya juya, ya karanta masa da Turanci a hankali.

Tsohon ya gyara zama ya ce, "Adama, kin ji abin da tac ce. Zazzaɓi take, mahucin da ac cikinta ya tsaya. Ba mugun hali na ba, ciwo na."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ashe baiwar Allah wahala taka sha! Samuel, mi kake jira? Buɗe ta!"

Aka canza fanka, aji ya ci gaba, muka sha bikin Esta bayan damina. Baba Tambaya kuwa har ya koma ga Allah yana ba da labari a 'Yankuzo cewa fassararsa ta ƙarshe wa inji ya yi ta. Wallahi tun ranar nan nake ganin girman Samuel. Na taɓa tsokanarsa na ce me ya hana shi faɗa wa tsohon gaskiya.

Ya ce, "Wace gaskiya? Ni da Hausa na faɗa wa Hajiya ba ta ji ba. Shi ya faɗa ta ji."