Lallen Adda da na'urar fansho

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Malama Hauwa, wadda kowa a gidanmu na Nasarawo yake kira Adda. Na so in yi wannan waiwaye cikin natsuwa, yadda ta koya mini rubuta insha'i, amma natsuwar ta ƙi samuwa, kuma dalilin yana cikin labarin.

Makaranta ɗaya muka koyar, ita lissafi, ni Hausa. Ana saura kaɗan ta yi ritaya, hukumar makarantar ta ce za a kwashe ajiyarmu ta fansho daga tsohon kamfani zuwa sabo, a fara da manya. Wai abu ne mai sauƙi: ki dangwala yatsa a na'ura, wancan ya saki, wannan ya karɓa. Duk wanda ya taɓa bin layi a ofis ya san irin sauƙin da ake nufi.

Tun da aka kai Adda ɗakin miji ba a taɓa ganin yatsunta babu lalle ba. Ga lalle, ga allin shekara da shekaru ya cinye zanen fatar. Na'ura ta ƙi ta. Ma'aikaciyar ta goge mata yatsan, ta gwada na hagu, sannan ta ce, "Hajiya, ki bari lallen ya fita, sai ki dawo." Tsohon kamfani kuwa ya riga ya rufe sunanta. Ajiyarta ta tsaya a hanya, ba ta nan, ba ta can.

A cikin keke ta yi dariya, ta ce yau ta faɗi jarrabawar da ba a yi mata bita ba. Amma har muka sauka tana murza babban yatsanta da bakin mayafi. Daga nan kullum da safe a ɗakin malamai sai ta miƙo mini hannu: "Duba mini, ya fita?" Lalle ba ya gaggawa. Zazzaɓin da ya ɗauke ta ya fi shi sauri. Ni na yi mata wanka, jan yana nan a bakin faratanta. 'Ya'yanta suka yi ta zarya tsakanin kotu da kamfanonin biyu, har autarta ta ajiye karatu kafin abin ya fito.

Namu na ƙanana aka yi ta ɗagewa, sai bana layi ya zo kaina. 'Ya'yan Adda suna cewa, Anti, ki kwantar da hankali, yanzu har fuska ake ɗauka da waya. Da Adda na nan, na san za ta tambaya ko kwalli ma ya shiga cikin laifi. Ni dai tun kafin azumi na daina ƙunshi. Ranar Sallah maƙwabciyata ta kalli hannuna fari fat, ta rage murya ta tambaye ni ko maigidana Malam lafiya, don ita a wajen mai takaba kaɗai ta saba ganin haka. Ban iya gaya mata tsoro ne ba. Kuma ba na'urar ce ta fi ba ni tsoro ba, wannan tsakanin ne: wancan ya sake ni, wannan bai kama ni ba, rai kuma ba a hannuna yake ba.

Me ya rage na Adda? Ɗalibai da har yau suke tsayar da ni a kasuwa su yi mata addu'a, da kwanon lallenta da ke kife a ɗakina. Litinin zan je in dangwala nawa yatsan. Ba zan taɓa kwanon ba sai an ce ajiyata ta isa. In kuma ban kai ba, na gaya wa 'yata ta duba hannuna da kyau wajen yi mini wanka, kada kowa ya ce mata laifin lalle ne. Allah ya jiƙan Adda.