Hayaƙin da Ya Tashi a Gidan Ummu Gassan

Yaya Nazmiyya, tunda ba ki taɓa barina in fara magana ba sai kin ji lafiyar kowa, bari in fara daga nan. Maigidana Abu Wisam yana nan, gwiwar ce dai, yanzu a zaune yake salla. 'Yata Rabab lafiyarta ƙalau, jaririnta ya fara haƙori yana hana su sakat. Surukata ta daina gane mutane. Jiya ta tambaye ni ko kin aiko da kifi, na ce mata kina hanya. Ni ina tafiya da ƙafata, alhamdu lillahi. Ɗana Wisam ne ban san inda zan sa shi ba. Ba ya ciwo, amma ba zan ce lafiyarsa lau ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga wanda labari bai kai masa ba, Allah ya yi wa Hajiya Nazmiyya, Ummu Gassan, rasuwa ranar Talata, uku ga watan Yuni, da hantsi, a gidanta na bakin kogin Asi a nan Harmal. Ta tsame kifi daga ruwan gishiri, ta ɗauraye, ta rataye a inuwa, ta zauna a kujerarta ta ƙofar ɗakin banda da kofin gahawa a hannu. Ba ta tashi ba. Gahawar ma ba ta kai bakinta ba.

Ni ce Ummu Wisam, maƙwabciyarta, katanga ɗaya ta raba mu. Da furfura a kaina na koyi rubutu, kuma ita ta ja ni zuwa ajin manya, ta ce ta gaji da karanta mini takardar magani. Zan aika wannan ga ɗanta Gassan a Bairut, da 'yan'uwansa mata, da duk wanda ya taɓa cin kifinta. Amma da ke nake magana, Yaya, domin ke kaɗai kike saurarona har in kai ƙarshe.

Ina amarya aka kawo ni daga ƙauyenmu na kan dutse, ban taɓa riƙe ɗanyen kifi ba. Kika leƙo ta katanga kika ce, "Ke amarya, kwalliya ba ta cika ciki. Zo nan." Kika ɗora mini kifin da ake kira tarwit a hannu, sabon kamu daga tafkin mijinki Abu Gassan, yana santsi, jikinsa duk ɗigo-ɗigo. Na yar da shi, kika yi dariya har da hawaye. A ranar kika nuna mini yadda ake feɗe shi, a bi ƙashin baya da babban yatsa a kankare jinin da ke kwance, domin shi ne ke sa ɗaci. Kika jefa ƙwai a ruwan gishiri. Na ce gishiri nawa ake zubawa? Kika ce, "Tambayi ƙwan, ya fi ki hankali. In ya taso, ya isa." Kifi ya kwana a ciki da tafarnuwa da ɓawon lemo. Da safe a ɗauraye, a rataye ya sha iska har fatarsa ta riƙa kama yatsa. Sai a hura itacen mishmish, bishiyar da ta gama haihuwa aka sare, ba itace mai ƙaro ba. Idan harshen wuta ya ɗaga kai, ki watsa masa danshin dusar katako ki ce, "Kwanta. Hayaƙi na kira, ba kai ba."

Shekarar da Abu Wisam ya faɗo daga kan rufi ya kwanta, ban roƙi kowa ba, ke ma ba ki tambaye ni ba. Sai dai kullum in ga ƙunshin kifi a kan katanga. Kika ce ya yi gishiri da yawa, ba mai saye, in taimaka miki da shi. Muka cinye damina guda muna taimaka miki, ban taɓa jin gishirin ya wuce ba.

Na kuma ga abin da aka saka miki da shi. Na ga matan da ke matsawa idan kin zauna kusa da su a gidan biki, suna toshe hanci da gefen mayafi wai kina warin hayaƙi. Su ne suka fi kowa ɗaga murya ranar da aka fito da ke. Allah ya karɓi kukansu, ni dai na kasa.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne Wisam. Lokacin da aikinsa ya mutu a Bairut, ya dawo ya kwanta a ɗaki, ya bar gemu, ba ya magana sai ta jiragen ruwan da ke tashi daga Tarabulus ta ƙasarmu a ɓoye, suna tsallakar da mutane ƙetare. Kowa ya san yadda wasu daga cikinsu suke ƙarewa. Ɗan gidan Abu Hatim na cikin waɗanda ba a ga ko takalminsu ba. Na yi kuka, na yi faɗa, na kai shi wurin malam, ba abin da ya shiga kunnensa. Ke ba ki yi masa wa'azi ko sau ɗaya ba. Kika ɗaga murya ta katanga kika ce, "Kai mai gemun banza! Tunda ruwa kake so, zo ka ɗebo mini, bayana ya ƙi." Ya ce, "Inna, ni fa ba kifi na karanta ba." Kika ce, "Shi ma bai karanta ka ba, sai ku saba." Ya tafi yana gunaguni. Bai dawo ba sai la'asar, idanunsa jawur da hayaƙi, ya ce mini in ajiye masa abinci da wuri gobe yana da aiki. Daga nan ya daina zancen teku. Masu gidajen abinci na bakin kogi suka fara tambayar kifin Ummu Gassan da yaronta. Ya aske gemun. Har ya fara wucewa ta ƙofar gidan su wata yarinya ba tare da dalili ba. Ni kuwa na fara barci kamar sauran mutane.

Akwai maganar da kika yi, kuma a kanta nake jin haushinki, Yaya, Allah ya yafe mini. Lokacin da Abu Gassan ya rasu, kina da kifi a rataye. Kika bi al'ada, ba a hura wuta a gidan mutuwa sai bayan kwana uku, maƙwabta ke ciyarwa. Kifin ya ruɓe, kika haƙa rami kika binne. Abin bai taɓa barin ranki ba. Wata rana muna zaune mu uku kina juya itace, kika ce wa Wisam, "Rai aka cire don a ci, na bar shi ya zama mushe don kada mata su yi da ni. Ka ji ni da kyau. Ranar da na faɗi, in akwai kifi a igiya, ka hura wuta kafin ka yi kuka." Ya ce, "Haba Inna, ke da za ki binne mu duka." Kika ce, "Ban tambaye ka ba." Me ya hana ki faɗi haka a gaban ɗanki? Me ya hana ki faɗa a gaban liman, ko ko da mai kawo gishiri? Kika bar shaida ɗaya tak, ita ce uwar yaron, wadda ba mai yarda da ita.

Ranar Talatar, shi ya same ki. Ya shigo da itace a kafaɗa, ya yi miki magana ba ki amsa ba. Ya kira ni, na kira mata, gida ya cika. Zafin Yuni ya fara sauka, kifi cike da igiya, kafin la'asar ƙuda zai gama da shi. Na ga Wisam ya tsaya yana kallon igiyar. Ya kwashe, ya shiga ɗakin banda, ya jera, ya hura wuta, ya ja ƙofa. Sannan ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ban taɓa jin ya yi ba tun yana goye.

Gassan ya taso daga Bairut da labarin uwarsa a ƙirji. Abin da ya fara gani daga kan hanya shi ne hayaƙi na tashi daga gidan da gawarta ke kwance. Ban ce kada ransa ya ɓaci ba. Amma bai tambaya ba. Wisam ya sa kafaɗa a makara tare da shi, ya shiga kabari ya karɓe ki, rigarsa na ƙamshin aikinki. Da aka dawo, a gaban maza, Gassan ya ce masa, "Ko wanka ba a gama wa uwata ba, kai kana kasuwarka a gidanta. Ashe jira kake." Na so in yi magana, Abu Wisam ya riƙe mini hannu ya ce ba ranar ba ce.

Kifin nan ko ɗaya bai sayar ba. Ya kwaso shi zuwa gidana, tunda mu ne maƙwabtan da ke ciyarwa, na ɓare na haɗa da gurasa da lemon tsami na kai wa masu zaman makoki. Aka cinye tas. Ina zuba ruwa na ji Ummu Hatim, ƙaya a hannunta, mai a leɓenta, tana ce wa ta kusa da ita, "Yaran yanzu ba kunya, wuta a gidan gawa!" Na ce, "Hajiya, a ƙaro miki? Daga wutar ya fito." Ta ce, "Au, ni na ɗauka na da ne." Ta dai miƙo faranti.

Da aka share makoki, Gassan ya sa kwaɗo a ƙofar gidan, ya tafi da mabuɗi. Na bi shi har mota na gaya masa abin da kika ce. Ya ce, "Inna, kowace uwa haka za ta faɗa." Yanzu ana cewa wani mai gidan abinci ya zo ya auna filin da ƙafa, yana son ya rushe ɗakin banda ya jera tebura a bakin ruwa. Ban sani ba ko gaskiya ne. Abin da na sani, itacenki na nan a jingine, ina hango shi ta katanga, kuma gangar gishirinki ta bushe ta yi fari.

Wisam ya sayar da babur ɗinsa. Idan wayarsa ta yi ƙara, fita yake yi ya amsa. Na tare shi na ce ya gina wani ɗakin a gidanmu. Ya ce, "Mama, ba ɗakin ba ne. Garin da aka ce na ci kasuwa a kan gawar Inna, wa zan kalla in miƙa wa kifi?" Ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa addu'ar arba'in ɗinki kawai yake jira. Ya ce ba zai tafi bai tsaya a kanki ba. Washegari zai nufi Tarabulus. Kin ciro mini shi daga bakin teku da hannunki, Yaya, ga shi biyayyar da ya yi miki ce za ta mayar da shi.

Allah ya jiƙanki, Nazmiyya. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya shi kamar ruwan Asi da asuba. Yadda kika ciyar da mu ba tare da kin sa mun sunkuyar da kai ba, Allah ya ciyar da ke daga abincin Aljanna ba tare da hisabi ba. Ya haɗa ki da Abu Gassan da iyayenki a inuwar rahamarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gassan, da 'yan'uwansa Ibtisam da Nuhad, da jikoki, da dukan dangi na Harmal da na Bairut. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ƙarshen wahalarta ke nan. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Gassan, ɗana, yanzu da kai nake. Ni na goya ka ranakun da uwarka ke cikin hayaƙi, ba zan yi maka ƙarya a kan kabarinta ba. Gidanku ne, ba na neman ko taku ɗaya a ciki. Ka sayar in ka ga dama. Abin da nake roƙo shi ne maganar da ka faɗa a gaban maza, ka janye ta a gaban maza. Ka ce ka yarda umarnin uwarka ya bi. Ba kuɗi ko aiki zai tsayar da shi ba, wannan kalmar ce kaɗai, kuma a bakinka take. Ka amsa mini kafin ranar arba'in, kada ka bari sai mun haɗu a maƙabarta, domin a ranar jakarsa na ɗaure.

Idan kuma amsarka a'a ce, ni za ka gaya wa, ba shi ba. Sai ka aiko mini da mabuɗin na yini ɗaya, in hura itacen da ya rage, in yi masa bandar guzuri. An ce a jiragen nan ba a ba mutum abinci.

Ummu Wisam, Harmal