Zabel a Gindin Bokiti

Har yau ban manta da ranar da aka kawo tsohon nan a kan amalanke ba. Damina ce, ina da wata huɗu da fara shara a wata ƙaramar likita ta karkarar Agiye. Zawo yake kamar ruwan shinkafa, idanu sun faɗa. Sai na ji an faɗi sunan garinsu. Garinmu ne, rijiyarmu ɗaya, can kuma na baro Nana, 'yata, wajen innata, ban daɗe da yaye ta ba.

Abu guda aka koya mini: zabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Kome na taɓa, zabel. Saboda haka kafin in tura bokiti ƙarƙashin gadonsa sai da na zuba kaɗan a gindi.

Majo, wato shugabar ma'aikatanmu, ta sa mai ƙarin ruwa, ta ɗibi zawon daga bokitin, ta rufe a kwalba, za a kai Maraɗi a wuce da shi Yamai. Na ce, "Majo, ba ga shi muna gani ba? Mi za su duba kuma?"

Ta ce, "Sa'a, ƙwayar nan iri-iri ce. Wata a halittarta akwai abin da ke sa ta yin dafi, wata babu. A labo, ɗakin bincike, sai sun raya ta, sannan na'ura ta nemo alamar dafin. In an gan ta, a ɗauki garinku da gaske, a turo mutane da kaya."

Raya ta? Ni kuwa na kashe ta.

Na fita na tsaya bayan ɗaki da tsintsiya. In na faɗa, ƙila a sallame ni. In na yi shiru, takarda ta dawo babu kome, su Nana su ci gaba da shan ruwan. Malam Idi, mai babur ɗin da zai kai kwalbar, har ya ɗaure akwatin ƙanƙara.

Na dawo ciki. "Majo, akwai zabel a bokitin."

Ta dube ni. "Yanzu kike faɗi, uwar tsabta?" Sai ta leƙa taga: "Malam Idi, kwance kayan nan!" Allah Ya taimaka ba a ba tsohon maganin da zai kashe ƙwayar ba tukuna. Muka kawo busasshen bokiti, muka jira, aka sake ɗiba. Ni kuma na aika wa inna kada Nana ta sha ruwan da ba a tafasa ba.

Bayan kwanaki amsa ta zo: mai dafin ce. Aka je garinmu, aka sa wa rijiya magani, aka bi gida-gida. Tsohon ya tashi, wata maƙwabciyarsa da ta kamu dai ba ta kai ba, Allah Ya jiƙan ta.

Ku sababbin ma'aikata, na'urar Yamai ban taɓa ganinta ba, amma abin da muka aika shi take karantawa. In kun yi kuskure, ku faɗa tun babur bai tashi ba.